Lalle a Yatsa Ɗaya

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma uwata Bafulatana ce daga wajen Damaga, irin waɗanda suka daɗe da ajiye sanda suka kama noma amma ba su ajiye kunya ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu; ko ruwa za ta ba ni, sai ta ajiye kwanon a ƙasa ta ja da baya. Ana yaye ni aka miƙa ni ga gwaggona, ƙanwar babana da ke aure a Bakura. Can na tashi, can na koyi gyaran injin ban-ruwa, wanda da shi nake ci har yau. Daga nan uwata ta samo mini sunan da ba zai ƙona mata baki ba, mutumen Bakura. Ni kuma ina ce mata Adda, yadda na ji ƙannenta suna kiranta.

Na haura shekara arba'in ban san ko tafin hannunta mai laushi ne ko mai kaushi ba. Mutane suna ce mini ai gata ne, wai kunyar da ake yi wa ɗan fari so ne da ya yi yawa. To, ni dai ban ga gatan ba. Ƙannena suna hawa cinyarta, suna cin tuwo kwano ɗaya da ita, ni kuwa in na zo ganin gida sai a shimfiɗa mini tabarma a zaure kamar mai karɓar haraji. Abin yana ci mini rai tun ina yaro, kuma girma bai rage komai ba. Abu ɗaya nake so a duniya, in yi wa matar nan wani abu da hannuna, ta karɓa daga hannuna.

Babana ya rasu a gonarsa, a ƙauyenmu da ke kusa da Gidan Goga, ranar da 'yan bindiga suka fito daga daji. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yanzu ba na iya faɗinsa a jere. An rufe shi kafin labari ya iso ni a Talata Mafara, inda nake zaune da iyalina, aka kuma aiko cewa kada in kuskura in kama hanya. Bayan sadakar bakwai ƙauyen ya watse. Ƙanena ya ɗauko Adda a kan babur ya kawo ta gidana, da ƙullin tufafinta da damin kaba ɗaya. So ta yi ta yi takaba a ɗakin mijinta, amma ɗakin ba ya zaunuwa. Na share mata ɗakin da ke kusa da zogale, na sa sabon labule. A cikin wannan baƙin ciki, Allah ya gafarta mini, akwai wani lungu na zuciyata da ya yi murna, don wata huɗu da kwana goma uwata za ta yi a gidana.

Sai dai zuwan bai canza komai ba. Kullum da safe nakan durƙusa a bakin ƙofarta, labule tsakaninmu, in jero gaisuwa tun daga kwana har gajiya har ƙarin haƙuri. Ita kuma ta amsa wa bango, "Lahiya lau. Da godiya." In tana da magana da ni, sai ta kira matata, ko da kuwa ina tsugune a wurin. Sauran yinin saƙar faifai take yi. Daga tsakar gida kana jin basilla tana huda, kaba tana bi, har la'asar. Ina jin da wannan saƙar take riƙe kanta.

A wata na biyu gwaggona ta zo daga Bakura gaisuwa. Gwaggo ita ta raine ni, kuma daga wurinta na gaji saurin hawa, ba ta ganin abu ta haɗiye. Ta shiga ɗakin, suka yi addu'a, suka shafa, ba ta daɗe ba ta fito ta ja ni zaure.

"Kai, ka ga hannun uwakka?"

Na ce, "Mi as same shi?"

"Lalle tas sa! Lalle, ja wur. Ɗan'uwana bai cika wata biyu cikin ƙasa ba, ita har ta hwara kwalliya. Kuma cikin gidanka, kana kallo."

Mai takaba ba ta sa lalle, ba ta sa kwalli, ba ta shafa turare, wannan ko yaro ya sani. Na ce wa gwaggo ƙila idonta ne. Ta ce idonta ya fi nawa, tunda ita ta wanke mini nawa shekara goma sha biyar. Washegari da na je gaisuwa na ɗan ɗaga labulen da gwiwar hannu kamar iska ce ta yi. Adda ta yi sauri ta tura hannun ƙarƙashin mayafi, amma na gani. Manuniyar hannunta na dama ta rine, ja har ya koma baƙi-baƙi.

Yatsa ɗaya ne tak. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa, wace mace ce ke yi wa yatsa ɗaya kwalliya ta bar tara? Ni da nake gane ciwon inji daga ƙararsa tun daga nesa, ban yi wannan tambayar ba. Na samu matata a madafa na hau ta da faɗa. Ta ce ita dai an ce ta daka lalle ta daka, an ce ta kawo kanwa da lemun tsami ta kawo. "Ni in tambayi surukata mi za ta yi da lalle? Kai da ka haihu gare ta ka tambaye ta mana." Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa.

Sai na ɗauki fushi, irin fushin wanda ba shi da bakin magana. Na yanke gaisuwar nan mai tsawo ta koma kalma biyu, a tsaye, ina riƙe da makullin babur. Na daina sayo mata nonon da nake biyawa kasuwa in kawo. A raina ina ta haɗa laifi a kan laifi, wai matar da ta kasa riƙe hannun ɗanta don kunya, ga shi ba ta ji kunyar kabarin mijinta ba. Na lura ƙarar basilla ta ɗauke a gidan, na ce a raina ai kunyar gwaggo ce ta kama ta. Kwana tara na yi a haka.

Rana ta goma na dawo gida da hantsi ɗaukar wani ƙarfe da na manta. Gidan shiru, matata ta shiga maƙwabta. Na zagaya bayan ɗaki inda nake tara tsofaffin kayan inji, sai ga Adda a tsaye, ta juya baya. Ta ɗaga hannun dama sama ta jingina shi da katanga, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Ko nishi ba ka ji. Na kalli hannun. Yatsar ta kumbura ta yi kamar gauta, fatar ta yi ƙyalli, gindin farcen ya tara mugunya, kumburin har ya fara gangarowa bayan hannu. Duk wanda ya taɓa yin kakkare a yatsa ya san wannan tsayuwar, don in ka sauke hannun ƙasa zugin har cikin kai yake bugawa.

Ashe lallen magani ne. Da ta ji motsi sai ta sauke hannun, ta rufe shi, ta wuce ni ta shige ɗaki kamar ba ta ga kowa ba.

Na ƙwala wa matata kira ta katanga. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ni a waje, Adda a ciki, mu uku ba wanda ya fi taku huɗu daga ɗan'uwansa, amma sai da tafinta.

Na ce, "Tambaye ta tun yaushe."

"Adda, wai tun yaushe?"

"Ce mai ba komi."

"Wai ba komi."

"Na jiya! Ina da kunne. Tambaye ta mi ak kawo shi."

Da ƙyar labarin ya fito. Kaba ce ta tsaga 'yar fatar nan da ke tashi a gindin farce, ta sa haƙori ta cire, wurin ya ɗan yi jini, ta ci gaba da saƙa. Bayan kwana biyu ya fara zugi. Ta huda lemun tsami ta cusa yatsar a ciki ta yini, bai yi ba. Ta ɗaura kanwa, ta ƙara ci. Sai ta tuna a Damaga lalle ake ƙunsa wa irin wannan. Kusan sati uku ke nan tana ci da ludayi a hannun hagu a ɓoye, tana alwala da hawaye. Na ce matata ta tambaye ta ko ta san abin da gwaggo ta faɗa.

Adda ta ce, "Na san abin da anka ce."

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo a duk zaman. Ta ji, ta sani, ta ga gaisuwata ta gajarce, kuma ta gwammace a ce ta yi kwalliya a cikin takaba da ta buɗe baki ta ce wa ɗanta na fari tana jin ciwo.

Kafin azahar labari ya zagaya unguwa, kowa ya zama likita. Wata ta ce a fasa ɗanyen ƙwai a tsoma yatsar. Wani tsoho ya ce a kira wanzami ya tsaga. Abokan aikina, waɗanda a wurinsu ba cutar da ta fi ƙarfin man birki, suka aiko mini da shi a 'yar kwalba. Na ce asibiti za mu. Adda ta ce wa matata mai takaba ba ta fita. Na je na tambayi limamin unguwarmu, ya ce lalura ta halatta, a kai ta a dawo da ita. Na dawo na faɗa, ta ce a bari sai gobe. Nan saurin hawan gwaggo ya motsa mini. Na yaye labulen, na shiga ɗakin, abin da ban taɓa yi ba tun zuwanta, na ce, "Adda, ki tashi. Ba gobe ba, yanzu." Ta jawo takalmanta.

Matata tana da ƙaramin ciki a lokacin, ta ce warin asibiti yana tayar mata da zuciya, saboda haka daga ni sai Adda a motar maƙwabcinmu. Malamar asibitin da ta duba mu wata gajeruwa ce mai faɗa. Ta juya hannun, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai ne ɗanta? Kana ina har ya kai haka?" Ta ce lallen nan ya rufe mata launin fatar, ba ta iya gane inda ja ya tsaya da inda baƙi ya fara. Za ta tsaga ta fitar da mugunyar, in bayan kwana uku kumburin bai sauka ba, to ya taɓa ƙashi, sai dai a cire gaɓar. Ta yi allurar kashe zafi, amma ta ce a wurin da ya ruɓe haka ba lallai ta kama sosai ba. Sannan ta ce, "Riƙe mata hannu, kada ta fizge."

Na dubi Adda, Adda ta dubi bango. Malamar ta ce, "Malam, ba ni da lokaci." Na sa hannu biyu na kama wuyan hannun uwata. Siriri ne, ƙashi da fata, ya ɗauki zafi. Tafin yana da kaushi, duk kaba ta yi masa zane. Da wuƙar ta shiga ba ta yi ƙara ba, ba ta motsa ba, sai sauran yatsun nan nata suka naɗe babban yatsana suka matse, matsewar da ban san tana da ƙarfinta ba. Ni ne na yi kukan. Malamar ta ɗago ta ce, "To, wa ake yi wa aikin a cikinku?"

Ta ba mu ƙwayoyi ta ce a shanye su duka ko an ji sauƙi. Ta ce a riƙa tsoma yatsar a ruwan ɗumi da gishiri sau uku a rana, a goge da auduga mai tsabta, a sake bandeji, kuma kada ta sake jin labarin lemun tsami ko kanwa ko lalle. Da muka dawo na jera wa matata bayanin don ita za ta yi. Ta leƙa ciwon sau ɗaya, ta toshe baki ta yi waje. Ta ce wallahi ba za ta iya ba, sai dai ni. Matar da ke gyara kayan cikin rago ranar layya ko a jikinta. Ban taɓa tambayarta ba, amma ina zargin da gangan ta yi, kuma in haka ne Allah ya saka mata.

Haka aikin ya dawo hannuna. Kafin in shiga nakan dirje hannuwana da sabulu da toka har su yi ja, don baƙin mai ba ya fita da wasa. In tafasa ruwa, in zuba a ƙaramin kwanon sha, in sa gishiri, in jira. Yatsuna sun daɗe da mutuwa da zafin ƙarfe, ba sa gane ɗumi, sai in gwada ruwan a bayan hannuna. In zauna a ƙasa gabanta, ta miƙo hannun tana kallon gefe, in kwance bandejin a hankali inda ya manne, in tsoma yatsar, in tallafe tafin da nawa don kada ya gaji. Safe, azahar, la'asar, ina rufe shago in taho, manoma suna ta ƙorafi injinansu na kwance shinkafa na jin ƙishi.

Kwana ukun farko ban ci abincin kirki ba. Kullum ina auna kumburin da ido, ina ganin kamar ƙaruwa yake. Da muka koma, malamar ta matsa nan ta matsa can, ta ce ya sauka, ba za a yanke ba, farcen dai zai fita kuma yatsar ba za ta miƙe kamar da ba. A mota Adda ta ce wa gilashin taga, "Alhamdu lillahi."

Gwaggo ta sake zuwa a satin. Ta ga bandeji, ta ji bayani. Sannan ta ce, "To mi ah hana ta hwaɗi?" Iyakar ban-haƙurin da aka samu daga gare ta ke nan, sai ƙwaryar fura da ta aiko washegari. Ni ma ban fi ta ba. Sau da yawa ina riƙe da hannun na shirya in ce Adda ki yafe mini kwana taran nan, sai in ɓige da naɗa bandeji in tashi.

Wata rana da la'asar, na fitar da yatsar daga ruwa ina gogewa, na ji idonta a kaina. Ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo. Can ta ce, a hankali, ba da ni ba, ba da kowa ba, "Hannun ubanai na. Har ƙumban." Wai hannun babana gare ni, har farata. Ban ɗago ba, don na san in na ɗago za ta daina. Na ci gaba da goge yatsar da ta riga ta bushe.

Farcen ya fita a sati na biyu. Ramin ya cike, sabuwar fata ta fito ja-ja, lallen ya koɗe ya bi tsohuwar fatar. Nan ne zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban so ya warke da wuri ba. Ina yi mata addu'ar sauƙi da bakina, amma duk safiyar da na kwance bandeji na ga wurin ya ƙara haɗewa sai gabana ya faɗi. Wane irin ɗa ne wannan? Na sha tambayar kaina, kuma har yau ban sami amsar da za ta wanke ni ba.

A zuwanmu na ƙarshe malamar ta ce shi ke nan, a bar shi ya sha iska, ba sauran gishiri ba sauran bandeji. Adda tana zaune ta ji da kunnenta. Duk da haka washegari da safe na dirje hannu, na tafasa ruwa, na shiga da kwano. Ta dubi kwanon, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙo hannun. Muka yi na safe, muka yi na azahar, muka yi na la'asar, ina wanke yatsar da ba abin da ke damunta. Kashegari ma haka. Da ta fita takaba ƙanwata ta zo ta tafi da ita Maradun, can ta zauna shekara biyu har Allah ya karɓi abinsa, kuma ban sake taɓa hannunta ba. In na lissafa abin da na samu na uwata a duniya, kwanakin nan ne, da biyun da ta ƙara mini tana sane.

A rana ta uku bayan malamar ta sallame mu, na taho da kwanon, na iske matata zaune a bakin ƙofar ɗakin tana tsince shinkafa, da gani kiranta aka yi. Adda tana ciki, ta jawo damin kabarta, tana gwada riƙe basilla da yatsar tsakiya. Na yi sallama. Ta amsa, ba ta ɗago ba. Sai ta ce wa matata, "Ce mai shi bar wahala hakanan. Hannu ya warke."

Matata ba ta maimaita ba, ta dai sunkuyar da kai cikin tirenta. Na tsaya riƙe da kwanon, taku uku tsakanina da uwata. Na ce wa matata, "Ce mata na jiya."

Na juya na fita da ruwan, ko hucewa bai yi ba.